Hayar mota daga Gilasgo zuwa Inbanes, a ba ni shawara

Ɗan Fagge: Salam 'yan uwa, ina karatu a Gilasgo, hutun nan nake so in ɗau hayar mota mu zaga tafkunan Sikotlan da tsaunukansu ni da iyali, wace hanya ta fi kyau kuma lasin ɗina na gida zai yi?

Maman Hanif: Wa alaikassalam ƙanena, bi A82 kawai. Za ka wuce tafkin Loch Lomond, ka shiga kwarin Glencoe inda duwatsu ke tsaye dama da hagu ruwa na gangarowa ta jikinsu, wallahi wurin nan sai ka faka ka fito ka kalla, daga nan garin Fort William gindin dutsen Ben Nevis mai tsayin mita 1,345, sai tafkin Loch Ness har Inbanes. Kar ka yi shi kwana ɗaya, hanyar akwai lanƙwasa sosai yara za su galabaita.

Injiniya Bala: Lasin waje yana aiki wata 12 daga shigowarka ƙasar, amma tambayi kamfanin tukuna. Hagu ake tuƙi, ka nemi otomatik tun da wuri, ta fi tsada amma gara ita.

Ɗan Fagge: Na gode Yaya, na gode Injiniya. A Fort William za mu kwana in sha Allahu.