Wa ya taɓa zaman skima terafi na rukuni?

Ummu Hanan, Gusau: Slm 'yan uwa. Likitan ƙwaƙwalwa ya ce ƙanwata na da matsalar ɗabi'a da ake kira bodalayin, yau ta so ki kamar ranta gobe ta tsane ki, ga tsoron a guje ta, in ranta ya ɓaci har yankan hannunta take. Ya ba da shawarar skima terafi, wato jinyar da ake yi ta hanyar zaman tattaunawa da ƙwararre, amma wai cikin rukuni ake yi, ita ko ta ce atafau ba ta tona asirinta gaban mutane. Wanda ya taɓa yi don Allah ya faɗa muna.

'Yar Argungu: Anti na yi, ta Zoom, duk mata ne kuma masu jagorancin su biyu. Farko ko kyamara ban kunnawa wlh, kin san garuruwanmu kowa ya san gidan kowa, sai da anka ɗauki alkawarin duk abin da anka faɗi nan zai tsaya. Ran da wata ta ce akwai murya a kanta mai ce mata "ba ki da amfani, duk wanda ya san ki sai ya gudu" jikina ya yi sanyi don kalma kalma abin da nike ji ke nan tun ina yarinya. Suna sa ki aje kujera babu kowa kanta, ki ɗauka muryar ce zaune, ki mai da mata martani. Dariya ya ba ni da fari, ƙarshe kuka na yi.

Baban Sadiq, Jega: Ni nan ne na cije. Sun ce muryar ta uba ce mai horo, na ce haba, mahaifina zan zaunar in yi wa tsawa? Jagoran ya ce ba Baba ba ne, faɗan da na haddace ne nike ta maimaita wa kaina shi ko yana kabari. Na gane, amma har yau wajen kujerar nan nauyi nike ji.

Nas Hauwa, Birnin Kebbi: Jeffrey Young ne ɗan Amurka ya kawo tsarin wajen 1990, ya lissafa skima 18, wato tunanin da ke kafuwa tun ƙuruciya in yaro ya rasa kulawa ko tsaro. Na rukuni Joan Farrell da Ida Shaw sunka gwada a Indiana, a 2009, mata 32, zama 30 cikin wata 8, kashi 94 sun fita daga ma'aunin ciwon, waɗanda ba su shiga ba kashi 16. Mutanen kaɗan ne gsky, kuma babban binciken 2022 ya nuna haɗa rukuni da ganin jagora ke kaɗai ya fi dogara ga zaman rukuni. Amma Anti yankan hannun nan kar ku jira rukuni, ku koma wurin likita, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Kware ne ku kai ta, zuwa can ba hauka ba ne.

Ummu Hanan, Gusau: Na gode sosai. 'Yar Argungu, ana yarda mutum ya shiga da wani suna? Don nan za ta fara tambayata.