Neman shawara: ina zan riƙa kai karena motsa jiki a Kaduna?

Assalamu alaikum, jama'a. Ina zaune a Unguwar Rimi, kuma ina da kare mai gadin gida wanda aka yi masa allurar rigakafin ciwon hauka, yana da katinsa daga likitan dabbobi. Matsalata ita ce idan ya wuni a ɗaure, sai ya kwana yana haushi, har maƙwabta sun fara kawo ƙorafi cikin ladabi.

Na gwada fita da shi da asuba, amma lokacin ne masu zuwa masallaci suke kan hanya, kuma ba na son ya shafi tufafin mai alwala. Da yamma kuwa, yara da masu Keke Napep suna firgita shi, ya yi ta fizgar igiya.

Wuraren da na fi so su ne Filin Murtala da lambun Ƙofar Gamji da ke bakin Kogin Kaduna. Shin ana barin mutum ya shiga da kare idan yana riƙe da igiyarsa? Idan ba a bari, wane fili marar cunkoso kuka sani wajen Malali, kuma da wane lokaci?