Jika 20 na kayan wasan yara uku: me ya fi dacewa a saya?

Maman Haidar, Zariya:
Assalamu alaikum. Ina unguwar Zariya a Maraɗi. Sallah ta matso, na ware jika 20 na sefa don kayan wasan yara: namiji ɗan shekara 8, mace 'yar 5, da auta ɗan shekara 2. Babban ya nace sai mota mai rimot, mai kanti a babbar kasuwa ya ce 7,500. Ita kuma tana son 'yar tsana mai kuka da waƙa. Shin waɗannan sun ci kuɗinsu, ko akwai abin da ya fi? Masu sani ku taimaka.

Mai Gyaran Rediyo:
Wa'alaikumus salam, Hajiya. Kuɗin da ke bakin mai kanti ba shi ne kuɗin motar ba, kafin alƙalami ne. Yawancin irin waɗannan motoci suna cin pil (batir) 4 a jikinsu, rimot ɗin ya ci 2, shida ke nan. A ce kowane ɗaya dala 20 ne, wato sefa 100, duk canji sefa 600. Pil mai araha ba ya jure injin mota, wuni ɗaya na wasa sosai ya isa ya shanye shi. In aka canza sau 4 cikin mako biyu, motar ta koma 9,900. Raba wannan da kwana 14, kusan sefa 700 ke nan kowace rana. Ƙwallon 3,000 da za a buga wata shida bai kai sefa 20 a rana ba. Da wannan lissafin ake auna kowane abin wasa: kuɗinsa, haɗe da abin da zai ci daga baya, a raba da kwanakin da yaro zai taɓa shi.

Na ce mako biyu ne saboda ƙasar Maraɗi. Tsakanin ƙaramin injin da tayoyi akwai haƙoran roba masu juya juna, kuma akwatinsu ba a rufe yake ruf ba. An yi motar don daɓen siminti ko tayil. Da ta shiga rairayin tsakar gida, yashi ya cuɗu da man da ke jikin haƙoran ya riƙa cinye su. Alamar ita ce ki ji injin yana kuka amma taya ba ta juyawa. Wannan ba ya gyaruwa, don ba a sayar da haƙoran daban. Abu na biyu, yaro ya danne motar da hannu yana turawa alhali tana kunne, haƙori ya karye nan take. Na uku pil: in ya mutu aka bar shi ciki, ga zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40, sai ya zubar da ruwa ya cinye ƙarfen da yake zama a kai. Wannan kam yana gyaruwa in an kama da wuri, a kankare farin garin da ya taru da sanfefa.

In dole sai an saya, nemi wadda ake caji da wayar USB, a juya ta a ga murfin batir da sukurin yake, kuma mai kanti ya gwada ta gabanki: gaba, baya, hagu, dama. Sitiyarin ne yakan fara mutuwa.

Malama Jardan:
Maman Haidar, abin da ya faɗa gaskiya ne, amma ko motar ba ta lalace ba akwai wata matsala. Abin wasan da ke yin komai da kansa, yaro ɗan kallo ne kawai a wurinsa. 'Yar tsanar da ke rera waƙa guda uku, in yarinya ta ji su sau goma ta gama da ita. Wadda ba ta magana kuwa, yarinyar ce ke yi mata magana, ta goya ta da ɗankwali, ta yi mata wanka, ta kai ta awo. Don haka ga 'yar shekara 5 ki ɗauki 'yar tsana marar batir, mai gaɓoɓin da ba sa fita in an ja, ki haɗa mata da ƙananan tukwane da ludayi, ki karɓo ƙyallaye wurin tela. Wannan wasan yana kai shekara biyu bai gundure ta ba.

Auta shi ne abin lura, don duk abin da aka saya wa manyan a bakinsa zai ƙare. Ga ɗan ƙasa da shekara 3, ma'aunin da masu ƙera kayan wasa ke amfani da shi bututu ne mai faɗin kusan santimita 3.2: duk abin da ya shige ciki gaba ɗaya zai iya shaƙe yaro. Tayar ƙaramar mota, idon 'yar tsana, dutsen wuyan roba, duk suna shiga. Balan-balan ma haka, musamman guntunsa bayan ya fashe.

Mafi haɗari shi ne ɗan batir ɗin nan mai kama da kwabo, irin na agogo, wanda ke cikin 'yan tsana masu waƙa da takalma masu walƙiya. In ya maƙale a maƙogwaro yana iya ƙona nama cikin awa 2. Kar a sa yaro amai, kar a jira a ga ko zai fita da kashi, a nufi asibiti kai tsaye. In ya haura shekara 1 kuma yana iya haɗiya, ana ba shi zuma ƙaramin cokali 2 duk minti 10 a kan hanya, kar ya wuce sau 6. Zumar rage ɓarna take, ba ta maye gurbin likita. Maganaɗisu ƙanana ma, in yaro ya haɗiye biyu suna iya manne wa juna ta jikin hanji su huda shi.

Kafinta Bagalam:
Ga autan, Hajiya, kar ki kashe kuɗi a kanti. Je wurin kafintan unguwarku ki ce ya yanka miki guntayen katako daga ragowar aiki: guda 20 masu santimita 5 ta kowane gefe, guda 10 masu tsawon santimita 10. A goge da sanfefa mai kaushi, a bi da mai laushi, a kashe kaifin kusurwa. Kar a shafa fenti ko banish, tunda baki za su shiga, kuma ki tambaya ko an yi wa katakon maganin gara. In an yi, a bar shi. Falwud bai dace ba, yana ɓarewa in ya sha yawu. Su ukun za su yi wasa da su, ba autan kaɗai ba.

Alhaji Na-Jibiya:
Ni ban yarda a hana yaro motar gaba ɗaya ba. Ranar Sallah tsaransa za su fito da nasu, kuma wannan ma wani abu ne da lissafin dala ba ya kamawa. Sai dai ba sai ta 7,500 ba. Akwai wadda ake ja baya a saki ta ruga, babu batir, kuɗinta kaɗan ne, in ta mutu ba a yi asara ba. Ragowar a sa a ƙwallo, lamba 4 ce daidai ɗan shekara 8, mai ɗinki da tub a ciki, ba ta roba mai iska ɗaya ba da ƙaya ɗaya ke kashewa. A sayi allurar famfo tare da ita.

Wajen zaɓen roba, Hajiya, lanƙwasa gefenta kaɗan da yatsa. Wadda ta ba da kai ta dawo za ta jure faɗuwa. Mai ƙyalli da tauri da ke yin fari a wurin lanƙwasa tsagewa za ta yi, ta bar kaifi. Mai warin kalanzir ki ajiye ta. Tambarin CE a jikin kwali, mai nuna wai kaya sun cika ƙa'idar Turai, kuma kar ya ruɗe ki, ana buga na bogi. Kayan gwanjo sau da yawa sun fi sababbin ƙarko, amma a wanke da sabulu, a duba babu sukurin da ya kwance. Kuma ki shiga kasuwa tun saura mako biyu ko uku, jajibiri ba a ragi.

Maman Haidar, Zariya:
Allah ya saka da alheri. To in na ƙara kuɗi na sayi keke su haɗu a kai fa?

Mai Gyaran Rediyo:
Keke yana cin kuɗinsa, don duk abin da ya lalace a jikinsa akwai shi wurin mai faci. Amma ɗaya ba zai yi musu su biyu ba: ɗan shekara 8 mai taya inci 20 yake buƙata, 'yar 5 kuma inci 16. In ɗaya za a saya, a ɗauki na babban, ita ta gada nan da shekara biyu. A tabbatar tayar mai tub ce ba ta soso ba, sirdin yana hawa da sauka, kuma yatsunsa suna kai wa birki ba tare da ya saki kan keken ba. Jika 20 da wuya ta kawo sabo mai kyau, sai dai a duba na hannu.