Abin da mafarautan Garwa suka ce kan riƙe bindiga

A zaman da mafarauta da 'yan sintiri suka yi a Garwa, a arewacin Kamaru, dattawa sun dage cewa mai saurin fushi bai cancanci riƙe ko da adaka ba. In rigimar gona ko ta kiwo ta taso, a bar bindiga a ɗaki, a kai ƙara wurin lamiɗo. Harsashi a ajiye shi daban, inda yara ba sa kaiwa, kuma ba a saita mutum ko da wasa.

Kan farauta aka fi daɗewa. Ba a harbin dabba mai ciki ko mai shayarwa, ba a kashe abin da ba za a ci ba. Wani ya tuna ɗaruruwan giwayen da aka hallaka a gandun dajin Buba Njida a 2012 saboda haure kawai, ya ce wannan ɓarna ce.

Matasa sun kawo batun 'yan fashin hanya da masu garkuwa da mutane, suka ce suna bukatar bindiga don kare kansu. Hujjarsu tana da ƙarfi, a ganina. Duk da haka aka tunatar da su cewa dokar makamai ta Kamaru ta 2016 ta wajabta neman izinin riƙe bindiga tukuna, kuma ɗan fashin da aka kama a miƙa shi ga jandarmomi da ransa.