Shawarwari kan godiyar ƴan BAC ga ikilisiya

Bayan sujadar Lahadi a wata majami'a a Tawa, matasan da suka ci BAC, jarrabawar kammala sakandare, sun tambayi manya yadda za su gode wa ikilisiyar da ta raine su.

Maganar da aka fi daɗewa a kai ita ce kiran suna. Wani dattijo ya ce a ambaci kowa, daga malamar makarantar Lahadi har mai sharar majami'a. Zumuntar mata suka ƙi: wadda ta ɓoye jika biyar cikin ambulan ta biya wa yaro kuɗin jarrabawa ba ta son a tona ta gaban jama'a. Ni ma ina bayansu. A same ta gida da goro ko turmin atamfa, a durƙusa a ce, «Inna, na gode.»

Fasto ya ce shaidar godiya kada ta wuce minti biyar, kuma a tausasa harshe, don waɗanda suka faɗi suna zaune a benci ɗaya.

Walima kuwa, fanke da lemu sun isa, ban da cin bashi. Masu tafiya Jami'ar Abdou Moumouni su karɓi wasiƙar fasto zuwa wata ikilisiya a Yamai. Masu zama Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa kuma su riƙa koya wa ƙannensu lissafi ranar Asabar.