Yaya zan shirya labarin wasa a ƙasar da yaƙi ya mamaye?

Ɗan Bagalam:
Assalamu alaikum. Mu biyar ne muke haɗuwa daren Asabar muna wasan labari na kan tebur, wanda kowa yake ɗaukar matsayin mutum ɗaya a cikin labarin, ko da yake a kan tabarma muke yinsa, kuma ni ne mai jan labarin. Na ƙirƙiri wata ƙasa ta almara inda birane biyu suka shekara arba'in suna gwabzawa, da mayaƙa da bokaye da iskoki. Damuwata ita ce kowane zama ya koma sara da suka, muna ta jefa ƙwayar ludo har dare ya raba, kuma abokaina sun fara cewa mutum huɗu ba su iya sauya komai a tsakiyar dawaki dubu. Yaya zan gyara ba tare da na kashe yaƙin ba?

Malamin Tarihi:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Amsar tana cikin tarihin Maradi, garin da kake zaune. Bayan Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, sarautar Haɓe ta yi gudun hijira har Ɗan Kasawa ya zauna a Maradi wajen 1819, kuma abin da ya biyo baya mafi yawansa hari ne, ba fito-na-fito ba. Manyan karo irin na Gawakuke a 1836, inda aka kashe Sarkin Gobir Ali da Rauda na Maradi, ba kullum ake yinsu ba. Yawanci sai an kai gero rumbu ake ɗaura sirdi, domin doki mai ɗauke da lifidi yana buƙatar ruwa da dawa fiye da yadda mai shi yake buƙatar jarunta. Saboda haka ka fitar da mutanenka daga sahun daga, ka ba su aikin da mutum huɗu suke iyawa: su gano rijiyar da runduna za ta sha, su kai saƙo cikin birni mai ganuwa da aka yi wa ƙawanya, ko su raka ayarin fatake da kowane ɓangare yake zargi da leƙen asiri. Idan rijiyar ta kasance gidan wata iska ce da ba ta yarda a ɗebi ruwanta sai da sharaɗi, ka samu labarin dare uku.

Yaya daga Tsibiri:
Malam, na yarda da kai, sai dai ina jan kunnen yaron nan kada ya ɗauki sunayen sarakunan gaskiya, domin jikokinsu suna nan da ransu, kuma wasa yana iya zama abin ɓacin rai. Ya ari tsarin fada kawai. Kaura mai riƙe da mayaƙa yana son a fita hari saboda ganima, Galadima yana son sulhu, Iya kuma tana da tata magana ta wajen ƴan bori. Duk wanda ya aiki ƴan wasan, sauran biyun sun zama matsalarsu.

Mai Ƙwaya Ashirin:
Wannan ciwo tsoho ne, domin wasan labarin nan Dungeons & Dragons da ya fito a 1974 daga wasannin runduna ya samo asali, aka rage shi zuwa mutum ɗaya ga kowane ɗan wasa. Ni jifan ƙwaya guda nake yi wa babban karo, in ƙara maki ɗaya a kan kowane aiki da suka kammala kafin ranar, in rage ɗaya a kan wanda suka bari. Layar zana da maganin ƙarfe kuwa kada ka bayar da su kyauta, ka ɗaura wa kowanne doka da idan aka karya ta zai daina aiki.

Ɗan Bagalam:
Na gode muku ƙwarai. Ranar Asabar Galadima zai aike su su binciki rijiyar, Kaura kuma ya riga ya tura nasa mutanen gaba da su.