Wai mu ƙara harajin esansi kamar Faransa?

Malam Sani: Salamu alaikum ƴan uwa. Ni dai a ganina baitulmalinmu ba zai cika ba sai an ƙara harajin mai. A Faransa fiye da rabin kuɗin lita haraji ne. Mu kuwa a Nijar ga matatar mai ta SORAZ nan hanyar Tanut tun 2011, ganga 20,000 a rana, amma a 2024 sai aka sauke litar esansi zuwa sefa 499.

Hajiya Rabi: Malam, ka manta 2018? Ƙarin harajin man nan ne ya fito da masu riguna ɗorawa kan titi har Macron ya janye.

Malam Sani: Ƙarin ya janye, Hajiya, tushen harajin na nan daram.

Laminu: Ni kabu-kabu nake yi. Daga Birni zuwa Kasuwar Dole, in na ɗora dala biyar kacal a kan kuɗin da aka saba, fasinja saukowa yake ya taka da ƙafa.

Habu: Yaya Sani, kwatancen ne bai zauna ba. Amurka tun 1993 harajin tarayya kan galan bai motsa daga santi 18.4 ba, duk da haka abin da take tarawa ya yi wa namu fintinkau, don motocinta ba sa ƙirguwa. Batun haɓakar kuɗin haraji kuma, da wane kuɗi za a auna? Naira ta faɗi a 2023, sai lissafin Najeriya da naira ya kumbura a takarda. Sefa tana ɗaure da yuro, namu sai ya zama kamar bai gusa ba.

Malam Sani: To ai shi ya sa na ce a ƙara.

Hajiya Rabi: Ka ƙara, wa zai saya? Kafin Tinubu ya cire tallafi a watan Mayun 2023, rabin unguwarmu wajen ƴan ruwa-ruwa muke shan man Najeriya a kwalba, ko tamma ba ta shiga asusun gwamnati. Da na Najeriya ya yi tsada kowa ya dawo gidan mai, har aka sha layi a watan Maris na 2025. Bafaranshe yana da garin bakin iyaka irin Magarya a bayan gidansa?

Malam Sani: Sai a tsare iyaka.

Laminu: Malam, ka taɓa bin hanyar daji ta Matamai da dare?